Ƙasar da ba ta haƙar azurfa amma ta rayu da ita: tarihin kuɗin Rasha na dā

Akwai wata 'yar ƙwandalar azurfa da aka buga a Mosko cikin shekarun 1380. Faɗinta bai wuce farcen yatsa ba, nauyinta kuwa da ƙyar ya kai giram ɗaya. A fuska ɗaya akwai hoton jarumi riƙe da makami, kewaye da rubutun Rashawa mai ɗauke da sunan Dmitri, babban sarkin Mosko. Idan ka juya ta sai ka ci karo da baƙaƙen da duk wanda ya taɓa riƙe allo zai shaida. Larabci ne, an rubuta sunan Sultan Toktamish Khan tare da addu'ar mulkinsa ya ɗore. Sau da yawa rubutun a karkace yake, domin maƙerin da ya sassaƙa hatimin bai san abin da yake kwafa ba, zane kawai yake bi.

Sarki Kirista, a birnin Kiristoci, ya buga kuɗi da sunan sarki Musulmi. Kafin a gane yadda aka yi haka sai an koma baya shekara 600, kuma sai an riƙe magana ɗaya a zuciya: a duk tsawon wannan zamani ƙasar Rus ba ta da mahaƙar azurfa ko ɗaya. Sai a 1704 aka fara narkar da azurfar gida, can Nerchinsk a ƙuryar Saiberiya. Duk giram ɗin da ya taɓa shiga hannun ɗan kasuwar Novgorod ko baitulmalin Kiev kafin nan, daga wata ƙasa ya zo. Shi ya sa siffar kuɗinsu take canzawa duk lokacin da mai kawo azurfar ya canza, ko mai karɓe ta.

Kalmar Rus ma tana buƙatar bayani. Ƙasar da ake kira haka a lokacin ta haɗa yankunan da yau suke cikin Rasha da Yukren da Belarus, kuma Kiev ce babban birninta na farko. Rashawa da mutanen Yukren duk suna jan wannan tarihi zuwa gidansu, kuɗaɗensu na yau ma shaida ne: rubul na Rasha da hiribniya ta Yukren duk daga dunƙulen azurfa ɗaya suka samo suna.

Azurfar farko ta Musulmi ce. Daga ƙarshen ƙarni na 8 dirhamin Abbasiyawa ya fara hawa arewa ta ƙasar Khazar da kogin Volga. A Staraya Ladoga an tono wani binnannen kuɗi wanda dirhami mafi sabunta a cikinsa na shekarar 786 ko 787 ne. Daga wajajen 900 sai dirhamin daular Samaniyawa ya mamaye hanyar, wanda ake bugawa a Samarƙandi da Shash da Balkh da Bukhara. Fatake suna kai shi kasuwar Bulgar a bakin Volga, su karɓi fatu masu gashi, da zuma, da kakinta, da takubba, da bayi. Kada a ɓoye wannan na ƙarshe, domin kaso mai tsoka na azurfar nan kuɗin mutane ne da aka kamo aka sayar.

Ahmad ibn Fadlan, wanda Halifa Muƙtadir ya tura cikin tawaga daga Bagadaza a 921, ya isa Bulgar a 922, ya ga 'yan kasuwar Rus da idonsa. Ya ba da labarin cewa idan mutum ya mallaki dirhami 10,000 sai ya ƙera wa matarsa abin wuya ɗaya, idan ya kai 20,000 ya ƙera na biyu, haka nan har wuyan mace ya cika. Wato dukiyar miji a wuyan mata ake karanta ta. Wannan ya nuna yadda suka ɗauki dirhami: ƙarfe ne mai daraja. Kalmar shahada da ayar da ke zagaye da shi ba su ce musu komai ba, sai dai alamar cewa azurfar mai kyau ce. Suna narka shi, suna huda shi su rataya, suna sare shi biyu ko huɗu idan ana neman canji. A kaburburan Gnezdovo kusa da Smolensk an samu 'yan ƙananan sikeli masu naɗewa tare da duwatsun awonsu, an binne su da masu su. Yawan abin da ya wuce ta wannan hanya kuwa, misali ɗaya ya isa: a tsibirin Gotland na Suwidin an tono taskar Spillings a 1999, azurfa kilo 67, da sulalla sama da 14,000, kusan dukansu na ƙasashen Musulmi.

Sunayen kuɗin Rus na farko a wannan zamani suka kafu, kuma dokokinsu na dā, Ruskaya Pravda, sun adana mana lissafin. Giribna ɗaya daidai take da nogata 20, ko kuna 25, ko rezana 50. Kowane suna da labarinsa. Giribna, wadda daga gare ta hiribniya ta samo suna, asalinta abin wuya ne, irin wanda Ibn Fadlan ya gani. Kuna sunan wata dabbar daji ce mai kama da tunku, wadda fatarta ke da tsada. Rezana na nufin yankakke, wato guntun dirhami. Nogata kuwa masana da yawa suna mayar da ita ga kalmar Larabci naƙd, tushen da ya ba mu naƙadan a Hausa. Dokar ta yanka farashi dalla-dalla: dokin sarki mai tambari giribna 3, dokin talaka 2, sa giribna 1, saniya rezana 40, rago nogata 1. Diyyar ɗa giribna 40 ce, ta babban bafaden sarki 80, ta bawa 5.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 10 rijiyar ta fara ƙafewa. Dirhamin Samaniyawa ya riƙa zuwa da algus, tagulla tana ƙaruwa a cikinsa, nauyinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 999 Bukhara ta faɗi hannun Karakhaniyawa. Ba a yi nisa cikin ƙarni na 11 ba sai dirhami ya daina zuwa gaba ɗaya. Masana suna jayayya kan dalili, wasu su ɗora laifin a kan ƙarewar mahaƙu, wasu a kan rushewar daular da sauyin hanyoyin ciniki. A ganina babu abin da ya hana duka su haɗu.

A daidai wannan ƙamfa Vladimir na Kiev, wanda ya karɓi Kiristanci a 988 ya kuma auri Anna 'yar'uwar sarkin Rumawa Basil na II, ya buga kuɗin kansa, na zinariya da na azurfa. Na azurfar ana kiransa srebrenik. An zana shi zaune da kambi irin na sarakunan Kustantiniya, kusa da shi tambarin gidansu mai tsini uku, wanda shi ne tambarin Yukren a yau, aka kuma rubuta: "Vladimir a kan karaga, wannan kuwa azurfarsa ce." Abin dariyar shi ne da aka gwada su a zamanin nan, da yawa tagulla ta fi azurfa yawa a cikinsu, wasu ma azurfar sai dai a suna. Waɗanda suka rage a duniya 'yan ɗaruruwa ne, kimanin 340, kuma wajen 200 daga ciki a rami ɗaya aka same su kusa da Nizhyn a 1852. Na zinariyar ba su fi goma sha ɗaya ba. Ka ajiye wannan kusa da dubban dirhamai na taska ɗaya tak, za ka ga ba kasuwa aka buga wa srebrenik ba. Sanarwa ce: ni ma sarki ne irin surukaina. 'Ya'yansa Svyatopolk da Yaroslav sun ɗan ci gaba, na Yaroslav a Novgorod ma azurfa ce tsantsa, amma cikin shekara talatin abin ya mutu. Masu son a ce daga nan kuɗin ƙasa ya fara suna ɗora wa ƙwandalar nauyin da ba ta taɓa ɗauka ba.

Abin da ya riƙe kasuwar arewa a ƙarni na 11 shi ne kwabban azurfa na Jamus da Ingila, masu shigowa ta tekun Baltik. Su ma a farkon ƙarni na 12 suka yanke, bayan sun lalace da algus a ƙasashensu.

Daga nan aka shiga abin da masana tarihin Rasha suke kira zamanin rashin sulalla, kusan shekara 250, kuma nan ne lamarin ya fi ɗaure kai. Mai jin sunan zai zaci talauci ne ya sauka ko ciniki ya tsaya. Alhali a wannan zamani ne Novgorod ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin arewacin Turai, Jamusawan ƙungiyar Hansa suka kafa masaukinsu na Peterhof a cikinta, suna kawo azurfa da tufafi da gishiri, suna kwasar fatun kurege da kakin zuma. Azurfa tana shigowa, sai dai ba a buga ta, zuba ta ake yi. Giribna ta tashi daga abin wuya da adadin lissafi ta koma curi. Ta Kiev mai kusurwa shida ce, kimanin giram 160. Ta Novgorod doguwar sanda ce, kimanin giram 200. Ba hatimin sarki a jikinta. Abin da ake gani shi ne ƙarce-ƙarcen mazuba da, wani lokaci, sunan mai ita da ya kanta da tsinin wuƙa. Amanarta tana ga mazubi da sikeli.

Dalilin ba boyayye ba ne idan aka duba ta fuskar sarki. Ribar buga kuɗi tana ga wanda ke da mahaƙa, ko wanda ke da ƙarfin tilasta wa kowa ya karɓi ƙwandalarsa sama da nauyinta. Sarakunan Rus na ƙarni na 12 ba su da ko ɗaya. Ƙasar ta rarrabu gida-gida, kowane birni da sarkinsa, kuma 'yan kasuwa sun riga sun saba da awo tun zamanin dirhami. Wanda ya saba auna azurfa ba ya buƙatar hoton kowa a kanta.

Sai dai sandar giram 200 dukiya ce. Da ita ake sayen ƙauye, a fanshi kamamme, a yi wa coci kyauta. Me matar da ta je cefane take riƙewa? Amsa mafi armashi daga bakin wani Balaraben Andalus ta fito, Abu Hamid al-Garnaɗi, wanda ya ratsa yankin a wajajen 1150 da 1153. Ya ce ya ga suna ciniki da tsofaffin fatun kurege waɗanda gashinsu ya zube ƙarƙaf, ba sa amfanin komai. Akwai mutanen da aikinsu ke nan a kasuwa, su ɗaure fatun goma sha takwas-goma sha takwas da zare, su maƙala guntun dalma su buga masa hatimi. Ɗauri ɗaya dirhami ɗaya ne, ba mai ikon ƙin karɓa. Ya yi mamakin cewa da wannan tarkace ake sayen zinariya da azurfa da bayi, alhali a wata ƙasa ko an tara kaya dubu ba zai sayi ƙwaya ba. An daɗe ana ɗaukar maganar a matsayin ƙarin gishirin matafiya, amma masu tono sun samu dubban ƙananan hatiman dalma a garuruwan Rus, kuma da yawa daga masana suna danganta su da ɗaurin fatun nan. Idan haka ne, to mutanen da ake cewa ba su da ƙwandala sun riga sun yi abin da ya fi ƙwandala wuyar yarda, kuɗin da darajarsa ba ta jikinsa, irin takardar da ke aljihunmu.

An kuma ambaci wasu abubuwan da wataƙila sun yi aikin canji: gululun mazari na jan dutsen Ovruch, da duwatsun ado na gilashi, da wuri. E, wurin da muka sani na tekun Indiya, wanda jam'insa ya ba mu kalmar kuɗi, an tono shi a Novgorod da Pskov. Amma samun abu a rami bai tabbatar da an yi cefane da shi ba, kuma wuri bai taɓa samun matsayin da ya samu a kasuwar Kurmi ba.

Wani abin da ke rikita mai karatun takardun wannan zamani shi ne giribna ta zama iri biyu. Akwai giribnar azurfa, wato sandar kanta, akwai giribnar kuna, wadda adadi ce kawai a baki. A ƙarni na 12 sanda ɗaya tana cin giribnar kuna huɗu, daga baya tazarar ta ƙaru. Mutanen Novgorod suna rubuta basussukansu a ɓawon itacen birch, an fara tono irin waɗannan wasiƙu a 1951, yanzu sun haura dubu, kuma kaso mai yawa maganar wane yana bin wane kaza ce. A cikin ɗayansu, ta ƙarshen ƙarni na 13, aka fara ganin kalmar rubul a matsayin sunan sandar Novgorod. Wasu sun ce daga kalmar sara ta fito, wasu sun ce daga tabon da zubi ke bari a gefen sandar. Rabinta, wadda ake sarewa da kurfi, ita ce poltina.

Kafin nan Mongol sun zo. Tsakanin 1237 da 1240 rundunar Batu ta tattake biranen Rus, Kiev ta faɗi a ƙarshen 1240. Daular da suka kafa a Sarai, bakin Volga, ta ɗora haraji, kuma da azurfa take so. Novgorod ta saya daga Jamusawa da fata, sarakuna su tattara, a kai wa Khan, sarkin daular. Ibn Baɗuɗa, wanda daga baya ya zo Mali da Takedda har ya ambaci Gobir, ya ziyarci daular a zamanin Uzbek Khan cikin shekarun 1330. Ya ga curin azurfa da ake kira saum, ya rubuta cewa daga mahaƙun ƙasar Rus ake kawo shi. Kuskure ne, amma mai dalili: azurfa tana kwarara daga wajen Rus har baƙo ya zaci a can ake haƙa ta. Wanda ya fi cin moriyar aikin tattarawar shi ne gidan sarautar Mosko. Ivan na I, da ya rasu a 1340, laƙabinsa Kalita, ma'ana jakar kuɗi, lalita ke nan, har sunan ma ya so ya yi kama.

Yanzu mu koma ga ƙwandalar farko. Jikan Kalita, Dmitri, ya ci rundunar Mamai, jagoran Tatar, wato mutanen daular Sarai, a Kulikovo a 1380. Bayan shekara biyu Toktamish, sabon Khan ɗin daular, ya zo ya ƙone Mosko, haraji ya dawo. Kuɗin da Dmitri ya buga ya ɗauki duka biyun, nasarar da kayen: sunansa a gaba, sunan ubangidansa a baya. Sunan kuɗin ma, denga, daga harshen Tatar aka aro shi, kuma har gobe dengi shi ne kuɗi a Rashanci. Sarakunan Ryazan hanya mafi sauƙi suka bi, suka riƙa buga tambarinsu a kan kuɗin Tatar. Nizhni Novgorod da Tver suka buga nasu. Novgorod, mai ƙyamar canji irin na manyan attajirai, ta tsaya a kan sanda har 1410, ta gwada kuɗin maƙwabtanta na Lituwaniya da Liboniya shekara goma, sannan ta buga nata a 1420. Pskov ta biyo a 1425.

Yadda ake ƙera su ya cancanci a tsaya a kalla. Turawan yamma faranti suke bugawa su yanke da'ira. Maƙerin Rasha kuwa sai ya narka azurfa, ya ja ta ta zama waya, ya daddatse wayar gutsi-gutsi daidai nauyi, ya dalle kowane gutsure da guduma ya baje, sannan ya sa shi tsakanin hatimi biyu ya buga. Abin da ke fitowa ɗan falle ne mai siffar ƙwai ko ɗigon ruwa, hoton ba ya shiga duka, rubutun rabi a ciki rabi a waje. Rashawa suna kiransu ɓawon kifi. Muninsu a fili yake, amma dabarar tana da hikima ga ƙasar da ke sayen azurfa da tsada: ba a barin ɓarɓashi ko kaɗan. Kuma ba gidan gwamnati ke bugawa ba. Duk mai azurfa sai ya kai wa maƙeri, ya biya lada, ya karɓi sulallansa. Sigismund von Herberstein, jakadan da ya je Mosko a 1517 da 1526, ya tarar da haka ake yi.

Inda aka bar awo a hannun maƙeri kuwa, zargi ba ya nisa. A 1447 mutanen Novgorod suka tashi kan lalacewar kuɗi. Littafin tarihin birnin ya ce an kama wani mazubi kuma ma'auni, Fyodor Zherebets, aka ba shi giya har ya bugu, aka tambaye shi wa da wa yake zuba wa rubul mai algus. Ya lissafa mutum goma sha takwas. Wasu aka jefo su daga gada cikin kogin Volkhov, wasu aka wawashe gidajensu. A Mosko kuma sarakuna ne da kansu suke rage nauyi. Yaƙin basasar zamanin Vasili na II ya cinye dengar da ta fara da kusan giram ɗaya har ta koma wajen 0.4, ta Novgorod tana nan a kusan 0.8. Da Ivan na III ya haɗiye Novgorod a 1478, ya daina sunkuya wa Tatar a 1480, ya ci Tver a 1485, sai ya gaji kuɗi biyu masu suna ɗaya, ɗaya ninkin ɗaya. Larabci bai ɓace nan take ba. Akwai sulallansa da ke ɗauke da sunansa da baƙaƙen Larabci, Iban, amma yanzu ba sunan Khan. Abin da ya fara a matsayin alamar biyayya ya koma saƙo ga 'yan kasuwar gabas.

Wadda ta warware ƙullin mace ce, Yelena Glinskaya, uwar Ivan na IV, mai riƙon ƙwarya bayan rasuwar mijinta a 1533. Lokacin datse gefen kuɗi da jabu sun kai inda ake yanke hannun masu yi, a ɗura musu narkakken kuza a baki, abin bai tsaya ba. Daga 1535 aka haramta tsofaffin sulalla, aka tsayar da ma'auni ɗaya: daga giram 204 na azurfa, nauyin tsohuwar sandar Novgorod, a fitar da manyan sulalla 300, kowanne giram 0.68. Babbar tana da mahayi riƙe da mashi, kopyo a harshensu, daga nan ta samu suna kopeka. Rabinta denga ce, mahayinta da takobi. Rubu'inta polushka, mai hoton tsuntsu. Kopeka 100 rubul ɗaya. Ba wanda ya zauna ya tsara lissafin ɗari-ɗari don sha'awa. Rubul ɗin Mosko dama denga 200 ne, dengar Novgorod kuma ninkin ta Mosko ce, sai lissafin ya faɗo da kansa. Rubul ɗin kuwa a baki kawai yake, ba ƙwandalarsa. Mai biyan rubul ɗari sai ya zauna ya ƙirga ɓawon kifi dubu goma, kuma baƙin Turawa sun ruwaito cewa masu ciniki a kasuwa a kunci suke ajiye su don kada su salwanta.

Azurfar kuma har yanzu ta waje ce, sai dai ta koma manyan talar Turai, waɗanda Rashawa suke kira yefimok daga sunan garin Joachimsthal. Dangin talar nan ne, ta Mariya Tereza, ta shigo kasuwanninmu daga baya ta bar mana kalmar dala. A Mosko narka su ake yi a ja waya. Haka aka ci gaba har zamanin Bitrus Babba, wanda ya tsani 'yan kopekan yana kiransu tsofaffin kwarkwata, ya kuma dakatar da buga su a 1718. Rubul ɗinsa na farko mai da'ira ya fito a 1704, nauyin giram 28, daidai da tala. Da yawa ma ba a narka komai ba, talar aka ɗauko aka danne da sabon hatimi, shi ya sa a wasu, idan aka karkata su ga haske, ana iya hango ragowar rubutun wani sarkin Turai a ƙarƙashin fuskar Bitrus.